Jar Igiyar Baba

Kazaure, 9 ga Maris

Zuwa ga aminiyata Mu'minat,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya maigida, ya yara, ya zafin Babura? Mu nan sai godiya, in ban da ciwon baya da ke tuna mini na kwana biyu a duniya.

Ga tabarmin ƙofa goma sha biyar na ba Sabiru direba ya kawo miki. Ki faɗa wa masu saye abin da kika sani: tsohuwar igiyar taru ce, ta sha ruwan dam shekara da shekaru, ruwan sama wasa ne a wurinta. A bar ta a waje rani da damina, kakkaɓewa kawai take so. Masunta sun fara ja mini aji tun da suka gane abin da suke zubarwa yana da amfani, amma har yanzu suna jin kunyata, don ni 'yar Mele ce, tsohon masunci irinsu.

Sai maganar jar igiyar Baba da kika roƙa. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na kwana biyu ina juya abin a raina. Kin san ita kaɗai ta rage daga tarunsa, kuma da ita nake ƙulle kusurwar kowace tabarma tawa. Mutanen Roni da Gwiwa ba duka suka san fuskata ba, jan ƙulli suke nema. Amma kin ce ajiyewa za ki yi don tunawa da shi, kuma kina da gaskiya, a gidanmu kika tashi, kwano ɗaya muka ci. Na raba ta biyu, rabi na cikin ƙullin zanen nan.

Tabarmar da kika fara saƙawa tana nan a ƙofar ɗakina. Kin tuna wahalar da kika ba ni? Sai da na zauna muna fuskantar juna, don bahaguwa ba ta koyuwa daga gefe. Damina bakwai ke nan, ko gezau ba ta yi ba.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Batulu

Kazaure, 14 ga Satumba

Zuwa ga Mu'minat,

Bayan sallama, da fatan kuna lafiya ke da iyali. Ya ruwa a wajenku? Na kira wayarki ya fi sau goma ba ki ɗauka ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Ranar Asabar Malam Muhammadu Lawal, shugaban kwamitin wani masallaci a Roni, ya aiko a kira ni. Na hau babur ina murna, na ɗauka aiki ne. Ashe kafin damina sun sayi tabarmi goma sha biyu masu jan ƙulli, sun shimfiɗa a ƙofofi. Wata huɗu kacal, duk sun zagwanye. Ranar Juma'a ƙafar ladaninsu, dattijo mai shekara saba'in, ta sarƙe a cikin ɗaya, ya faɗi a kan dakali ya karye a hannu.

A gaban dattawa aka zube mini su. Na ce wallahi ba aikina ba ne, igiyar shanya ce ta kasuwa, wadda rana ke mayarwa gari. Malam bai ce mini ƙarya nake ba, kusurwa kawai ya nuna mini da sandarsa. Na durƙusa na taɓa. Mu'minat, ko a cikin duhu na san igiyar Baba. Tun ina 'yar shekara shida nake taya shi naɗe ta a bakin ruwa.

Har a lokacin ina nema miki uzuri, na ce ko sace miki aka yi. Sai na kife tabarmar. Ƙullina zuwa dama yake kwanciya, haka na duk matan da na koya wa. Waɗannan kuwa, layi bayan layi, hagu suka kwanta. Bahaguwa ɗaya na taɓa koya wa a duniya.

Ban san yadda na iso gida ba. Da baƙuwa ce ta cuce ni, da na ce halin kasuwa ne. Amma ke? Da kin ce igiyar taru ta yi miki wuya, da na raba tawa biyu kamar yadda na raba waccan.

Malam ya ba ni zuwa Juma'a in faɗi mai aikin, in ba haka ba za su sanar da jama'a a guji jan ƙulli. Ban ambaci sunanki ba. Ki zo mu je tare, ki duba dattijon nan, ki faɗa da bakinki. Zan tsaya kusa da ke.

Ina jiranki,
Batulu

Kazaure, 6 ga Oktoba

Mu'minat,

Bayan sallama, da fatan yara suna lafiya.

Ranar Juma'ar nan tun hantsi nake zaune da mayafina, duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Wajen azahar Sabiru ya shigo da turmin atamfa, da saƙonki na baka, wai a rufa asiri. Ko takarda ba ki iya rubuta mini ba.

Na tafi Roni ni kaɗai. Da aka tambaye ni, sunanki ya zo har bakina. Sai na tuna 'ya'yanki mata uku, da yadda magana ke bin mace har ɗakin 'yarta. Na ce alamar gidanmu ce, ni na sake ta ta fita, don haka laifin nawa ne. Na roƙi ladan gafara, ya yafe, hannunsa a ɗaure. Wannan yafiyar ta fi mari zafi.

Sun yarda in saƙa musu wasu, da sharaɗin kada a sake ganin jan ƙulli a ƙofarsu. Mutanen Gwiwa ma sun aiko a dakata da nasu. Sati uku na yi a kan katakon saƙa, na gama sha biyun jiya. Da na zo kusurwar ta farko, hannuna ya miƙa wajen jar igiya da kansa, sai na tuna. Na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Shekara arba'in yana jan igiyar nan a ruwa ba ta taɓa ba shi kunya ba, yau ga ta ana gudunta a ƙofar masallaci.

Ga atamfarki na mayar. Ki ba Sabiru abin da ya rage na igiyar, ko taƙi ɗaya ne, ina so.

A cikin buhun kuma akwai tabarmarki ta farko, na ɗage ta daga ƙofata. Kife ta ki duba, ƙullin hagu ne, kuma ko zare ɗaya bai saki ba. Kin iya aikin, Mu'minat, ba rashin iyawa ba ne, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ki shimfiɗa ta a ƙofarki. Damina takwas ta yi a tawa, duk wanda ya shigo sai na ce masa aikin 'yar'uwata ne. Yanzu ban san abin da zan ce ba.

Wassalam.

Batulu Mele