Gajerar Bindigar George

Mayo Gwoi, Jalingo, Yuli 1994

Maman Job,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya gona, ya ruwa?

Tun rasuwar mijinki George nake jin ana cewa gajerar bindigarsa tana yi wa mutum magana a kunne. Matan coci suka fara faɗa mini, na yi dariya. Ƙarfe ne fa, a gabana Manga maƙeri ya ƙera ta.

Bindigar da muka gada doguwa ce, wutarta can gaban hannu take tashi. George ya ce tana maƙale masa a kurmi, sai Manga ya kai kunamar gaba, ya dawo da wurin tashin wutar baya, daidai kumatu. Ta yi gajarta, ta yi daɗin ɗauka. Amma ta gefen dama take tofar da wuta. Mai ɗora ta a kafaɗar dama lafiya lau. Na hagu kuwa, a fuska.

Na ji Job yana so ya ɗauke ta. Wane hannu yake miƙawa idan abu ya faɗo masa ba shiri?

Kawun mijinki,
Tobias

Sunkani, Agusta 1994

Baba,

Mun gode, muna lafiya. Job da hannun dama yake cin tuwo. Tun yana rarrafe muka ɗaure masa hagun a zane har ya bari, yadda aka yi wa babansa. Gyado ya gama mana doya, Baba, kuma Job magidanci ne yanzu, ba na iya hana shi. Ya riga ya ɗauka. Sai dai ya ce in ya kai ta kumatu yana jin numfashin mutum. Na ce iska ce.

A gaida Mama Hajara.
Alice

Mayo Gwoi, Agusta 1994

Maman Job,

George ma da hannun dama yake gaisawa da fasto. Ranar da gyado ya taso masa, jikinsa bai tuna da zanen ba. A kafaɗar hagu muka sami bindigar, fuskar kuma kin ga yadda muka rufe ta kafin ki iso. Ki jefa wa Job lemo ba sanarwa, ki ga hannun da zai cafe. In hagu ne, ki aiko mini da ita ko da zai yi fushi.

Tobias

Mayo Gwoi, Satumba 1994

Maman Job,

Bindigar ta iso a naɗe cikin tabarma. Ki bar Job ya yi fushinsa, da idonsa biyu yake yi.

Kafin in kai wa Manga ya sare ta, na ɗora ta a kumatu, da rana tsaka, ba harsashi, Hajara tana shanya gero a gabana. Cewa aka yi a kunnena, "Kawu, yaron bahago ne."

Matan coci ne suka fara faɗa mini tana magana. Na ƙarshe George ne.

Ku huta lafiya.
Tobias