Na warke, amma maiɗakina ta ce ban isa in ajiye magani ba

Anti, don Allah ki shiga tsakanina da maiɗakina. Yau kwana huɗu ba ta yi min magana sai da harara.

Ni mai aski ne, shekara goma sha tara ina riƙe reza ban taɓa yanka kowa ba. Bara hannuna ya fara rawa. Na rame har wando ya daina zama a ƙuguna, zuciya na bugawa kamar na yi gudu, fanka a kaina amma ina zufa. Ranar da na tsaga wa wani dattijo kunne ina gyara masa saje, na rufe shago na tafi asibiti. Likita ta ce garkuwar jikina ce ta juya tana tsokanar wani ɗan nama a wuyana, wai shi tayirod, shi kuma yana aiki fiye da kima. Ta ɗora ni kan ƙwaya kullum.

Wata tara ke nan. Hannuna tsaf, kwastomomi sun dawo, har dattijon nan ya dawo. Sai dai na ajiye tumbi, maƙwabtan shago suna ta tambayata wata nawa, ga kasala, ga jin sanyi. Ni na san jikina, na warke. Shi ya sa na daina sha, mako biyu ina jefa ƙwayar a durowar almakashi. Maiɗakina ta kawo min abinci shago, ta buɗe durowar tana neman cokali, ta gani. Ta yi kuka, wai ita ta yi jinya ba ni ba. To wanda ya warke, me zai yi da magani?

Mai aski

Malam mai aski, sannu da jiki. Kana da gaskiya a wuri ɗaya: kasala da jin sanyin nan ba ƙorafin banza ba ne. Mai yiwuwa maganin ya yi maka yawa yanzu. Amma gwajin jini ne zai nuna haka, ba madubin shagonka ba.

Natsuwar hannunka aikin ƙwayar ce. Irin wannan ciwo yakan lafa, kuma mutane da yawa likita kan sauke su daga magani bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya sauke kansa da wuri, ciwon kan dawo, kuma zuciya yake wahalarwa.

Ka koma wurin likitarka cikin makon nan, ka faɗa mata ainihin ranar da ka daina, kada ka rage ko kwana ɗaya. Ita za ta ce ka ci gaba ko a rage. In ka koma sha, sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ka, ka dakata, ka je asibiti a ranar.

Maiɗakinka kuwa, ba ƙwayar ce ta sa ta kuka ba, ɓoyewar ce. Ka ba ta haƙuri tun kafin ka tafi, kuma ku tafi tare. Allah ya ƙara lafiya, ya daidaita tsakaninku.