Azarar Ɗakin Gabas

Asabar, 3 ga Shawwal, 1341. Ɗanzomo.
Da sunan Allah. Sallah ta wuce, sama ta fara haɗa fuska ta gabas, saboda haka na zaga gida ina ƙwanƙwasa rufi da sanda, kamar yadda na saba kafin kowace damina. Zaure lafiya. Ɗakina yaɓe kaɗai yake bukata. Ɗakin Larai, ɗiyata da ta dawo gida da yaranta bayan rasuwar mijinta, shi ya tayar mini da hankali. Ina taɓa azarar tsakiya sai gari ya zubo mini a rawani. Gara ta cinye ciki, ta bar ɓawo. Na tokare da gwafa, na umarci Larai ta janye shimfiɗar yara zuwa jikin bango.

Ɗakin gabas kuwa ko tsaga babu. Bara na shafe shi da makuba, haka bara waccan. Ɗakin ɗan farina ne, wanda aka ɗiba cikin 'yan dako zuwa Kamaru a yaƙin Turawa. Waɗansu sun dawo, waɗansu an kawo labarin mutuwarsu. Shi babu ko ɗaya.

Litinin, 5 ga Shawwal.
Barau, ɗan kawuna, ya zo ya ga gwafar, ya yi dariya. "Malam Hudu, tokara ai ta tsoho ce. Cire ka dogara da ita, ka fi soron bukata." Na ce masa wanda ba shi da haƙori ba zai kira ni tsoho ba. Sannan na tambaye shi ko wani icen jeji zai tsaya a madadin azara. Ya ce in ina so in yi wa gara walima. Na tambaya ko a mayar da rufin jinka. Ya ce shucin garin nan ya ƙare tun bazara. Na san duk wannan. Tambaya kawai nake yi.

Na yi tunanin mayar da Larai da yaran ɗakin gabas. Ba zai yiwu ba. Ɗakin saurayi ne, a waje, daf da zaure inda baƙi ke sauka. Mace ba ta kwana can.

Alhamis, 8 ga Shawwal.
Kasuwar Maigatari, ni da Barau a kan jakuna. Babu azara ko guntu. Masu kawo ta daga kudu sun koma sharar gona, sai kaka. Na ga fatake da suka ce daga Adamawa suke, na tambaye su abin da na saba tambaya. Suka ba ni amsar da na saba ji.

A hanya Barau ya ce, ba da wasa ba, "Ga azara a gidanka mai ƙarfi kamar ƙarfe, tana yi wa gizo-gizo inuwa. Ɗanka Ishaƙ da kansa, da yana gani, zai ce a cire."
Na ce, "Mutum ya dawo ya tarar ubansa ya mai da ɗakinsa kango?"
Ya zunguri jakinsa ya yi gaba.

Juma'a, 16 ga Shawwal.
Matata Hajaratu ta share ɗakin gabas, kamar kowace Juma'a. Uwa ce. Da wane baki zan gaya mata maganar cire azararsa?

Talata, 20 ga Shawwal.
Ruwan farko, bayan la'asar, da iska. Gwafa ta tsaya, amma azarar da ke gefenta ta lotsa, wani dunƙulen ƙasa ya faɗo ya fasa randa, ya ƙuje wa Kyauta, ƙaramar jikata, kafaɗa. Da ya goce kaɗan, da kanta ne. Larai ta goya ta, ta durƙusa a gabana cikin laka tana cewa, "Babu komai, Baba, ƙujewa ce kawai." Da ta yi mini ƙorafi da ya fi mini sauƙi.

Sun cushe a ɗakin ciyawar Hajaratu, wanda mutum biyu ma da ƙyar.

Laraba, 21 ga Shawwal.
Da hantsi Hajaratu ta shigo turakata, ta zauna nesa kaɗan. Ta daɗe tana gyara bakin tabarma.
"Malam, in saboda ni kake riƙe da ɗakin yaron nan, ka sake shi."
Na ce saboda ita mana.
"Ni kuma saboda kai nake shararsa," in ji ta. "Zuciyata ta daɗe da gaya mini abin da ta gaya mini."
Ban tambaye ta abin da ta gaya mata ba. Na ce aro zan yi. Idan kaka ta yi, aka kawo azara, zan mayar da rufin yadda yake. Ta ce, "To, Malam." Ban ji daɗin yadda ta faɗe shi ba.

Asabar, 24 ga Shawwal.
Na hau rufin ɗakin gabas da kaina. Barau ya so ya karɓi gatari, na hana. Ba zan bari hannun wani ya fara sara ba. Ƙasar rufin ta yi tauri ƙwarai, aikina ne na shekaru nake fasawa. Azarar ta fito baƙa sumul, ba huda ko ɗaya. Tare da ɗan farina muka ɗora ta a wancan lokaci, yana sama ina miƙa masa, yana ce mini in bar masa masu nauyin. Yau ni ne a sama.

Barau bai tsokane ni ba duk yini.

Lahadi, 25 ga Shawwal.
Mun jera azara a ɗakin Larai, mun shimfiɗa zana, mun ɗora ƙasar da aka cuɗa da yankakkiyar ciyawa. Na barbaɗa toka a ramukan bango saboda gara, na karkata indararo waje. Bayana da gwiwoyina sai ciwo.

Juma'a, 8 ga Zulƙida.
Ruwa kamar da bakin ƙwarya jiya da shekaranjiya. Ɗakin Larai bai ɗiga ba. Kyauta tana wasa a ciki.

Bangon ɗakin gabas ya fara narkewa daga sama. Barau ya ce in ana son ya kai kaka, sai a rufe kansa da zana tun yanzu, kuma yana da zanar. Na ce ya ajiye tukuna, akwai aikin gona.

Bayan sallar Juma'a na tarar Hajaratu ta toya waina da yawa, an kawo zaure, maƙwabta sun taru. Ba ta ce mini sadakar wane ne ba, ni ma ban aika a tambaye ta ba. Liman ya dube ni ya ce, "Malam Hudu, kai za ka yi mana addu'a." Na ɗaga hannu. Na roƙa wa mahaifina gafara, da mahaifiyata, da mijin Larai. Sannan na ƙara suna ɗaya, aka ce amin.