Ƙwayoyin da Suka Cushe

Zuwa ga Zuwaira, sanyin idona, ruwan farko a kan baƙar ƙasar Gadarif, inuwar da nake nema ko a wannan gari da ranarsa ba ta da zafi. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa, ki miƙa ta ga iyayenki, Baba Sharu da Hajiya.

Saƙonki ya iso ta bakin ƙanwata Hajo: in aka yanke dawar bana ban dawo ba, kin yafe mini alkawarina, kowa ya kama gabansa. Ban yi fushi ba, ya habibati, masoyiyata. Ina zan samo bakin fushi? Na dai zauna a gaban na'urar ƙara girman abu na kasa ganin komai.

Kin sha yi mini tsiya cewa na bar gari na tafi ƙasar sanyi kallon ƙura. To, ga ƙurar. Wasu ƙananan ƙwallaye ne masu tauri, ido ba ya ganin su, muna zuba su cikin ruwa. In ba su da yawa, yawo suke yi son ransu. In aka ƙara su a hankali, sai su jeru sahu-sahu, kowace ta sami wurinta. Amma in aka tara su da yawa cikin gaggawa, sai su cushe, ba jeri ba tafiya. Wannan muke kira halin gilashi. Babu danƙo a jikinsu, babu igiya. Kowace ƙwaya tana ta rawar ɗari a ɗan wurinta, maƙwabtanta sun kewaye ta, su ma nasu maƙwabtan sun kewaye su.

Kin tuna ranar sussuka a gonar Baba, ta hanyar Ƙala'at an-Nahal? Na ce zan cika buhu don in burge ki, na yi ta danna dawa da gwiwa, ta ƙi shiga. Kika yi dariya har mayafinki ya zame, kika bubbuga gefen buhun da tafin hannu, dawar ta sauka da kanta. Wallahi ƙarar wannan bugun tana kunnena har yau! Tun ranar zuciyata take hannunki.

Ni ne ƙwayar nan, Zuwaira. Ba wanda ya ɗaure ni. Ina tsoron hidimar soja ta dole, tsoron ranar da za a sauke ni daga mota a kai ni sansani, daga can a tura ni yaƙin Kudu kamar yadda aka tura Sami, abokina, wanda har yau uwarsa take leƙen ƙofa. Ina kunyar malamin da ya riƙe ni a nan. Ina jiran abubuwa su lafa. Wannan ya tare wancan, wancan ya tare ni, ni kuma na tare ki. Ina ce wa kaina haƙuri nake yi.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da na auna da hannuna: gilashin nan tsufa yake yi. Gwargwadon daɗewar ƙwayoyin a cushe, gwargwadon wuyar motsinsu. Na rubuta shi, malamai suka yaba, ban lura labarina na rubuta ba sai da Hajo ta yi magana. Ashe jira ma yana cin mutum? Ashe ke ce kike tsufa a ɗakin da na gina miki da tsorona?

Amma akwai sauran abu ɗaya. Ƙwaya ba ta fita ita kaɗai. Sai wata ta matsa kaɗan, ta kusa da ita ta samu sarari, sai ki ga sun tafi tare. Saƙonki shi ne bugun gefen buhu, kuma na sauka. Na gaya wa malamina ba zan ƙara shekara ba. Tsoron bai tafi ba, ba zan yi miki ƙarya ba, da shi zan hau jirgi.

Ki roƙa mini Baba ya bar layi ɗaya na dawa a tsaye, ni zan yanke shi. In sojoji sun tare ni a hanya, ki sani hanyar gidanku na kamo.

Naki, yau da gobe da ranar da Allah zai karɓi abinsa,
Husain