Nauyin Makararka

Zuwa ga Yayana, Malam Hamisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan lafiya. Wannan "da fatan kana lafiya" ɗin sai da na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Daga baya na bar shi, don ban sami abin da zan sa a gurbinsa ba.

Ni ce Rabi. Ina nan Gumel a gidan Inna, a ɗakin nan na kusa da rijiya inda kake jingine kekenka. Awara nake soyawa a ƙofar gida bayan la'asar, kuma alhamdu lillahi ba ma kwana da yunwa. Na sa wasiƙar nan a waya inda kowa zai gani, duk da na san mutanen Zango, inda Malam ya keɓe da mabiyansa, ba sa taɓa waya. Dalili kuwa, ban sani ba ko har yanzu kana Zango. In gaya maka gaskiya, ban ma sani ba ko kana duniya.

Makon jiya aka yi suna a Sule Tankarkar, gidan Hajara, abokiyar dakana a Zango. Ta gayyato mu duka, mu da muka taɓa zama ƙarƙashin Malam muka fito. Ina sa ƙafa a tsakar gida ta ɗago daga kan tukunya ta ce, "Lale marhabin da marigayiya!" Na ce, "Ke ma Allah ya kai haske kabarinki." Muka tuntsire da dariya, dangin mijinta suna ta kallonmu kamar sababbin mahaukata. Ba su san kowannenmu yana da kabarinsa da gaske ba.

Kai ka sani, amma bari in faɗa saboda masu leƙen wasiƙar nan. Malam yakan ce, "Wanda ya bar mu ya bar duniya." Kuma ba a baki abin ya tsaya ba. In mutum ya gudu daga Zango, sai a kwaso tufafinsa a naɗe cikin tabarmarsa, a sa likkafani, a ɗora a makara, maza su yi sahu a yi kabbara huɗu, a kai maƙabarta a rufe a jere da waɗanda suka mutu da gaske. Daga ranar ba mai sake kiran sunansa. Wanda ya mutu da gaske ma haka ake yi masa: ba zaman makoki, ba gaisuwa, ba mai tambayar me ya same shi. Malam ya ce kuka gardama ce da Ubangiji. Mu mata muna bayan danga, sai dai mu ji kabbara, mu ci gaba da tankaɗe.

Da aka ci tuwo baƙi suka ragu, muka koma gindin darbejiya muka baje. Wallahi, Yaya, da ka ji mu sai ka rantse aljanna muka baro. Hajara ta tuno ranar kakkaɓar riɗi, yadda ake shimfiɗa zannuwa a gona, manya da yara ana zikiri da murya ɗaya har aiki ya ƙare ba ka san ka gaji ba. Malam Sabo, wanda kuke ɗaukar makara tare, yanzu acaɓa yake yi a Maigatari, yana zaune can gefe a kan benci, ya tuno ƙatuwar tukunyar fate da kowa ke zuwa da kwanonsa, ba mai kallon na wani. Ni kuma na tuno haihuwar 'yata Ummi, yadda mata suka raba wankan jegona a tsakaninsu, ban taɓa ɗebo ruwa ba har na yi arba'in. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa zama inda aka so ni haka ba, kuma ina kewar wurin. Haushin kaina nake ji, amma ina kewarsa.

Sai hirar ta juya, yadda take juyawa kullum in mun haɗu. Hajara ta ce har yau in ta ji kabbarar jana'iza a unguwa, sai ta tsinci kanta tana duba ko zannuwanta suna nan a kan igiya. Ni na ce har yau sunan mamaci nauyi yake yi min a baki, ko Babanmu zan ambata sai na yi kewaye. Malam Sabo ya yi dariya marar daɗi, ya ce shi in ya ɗauki fasinja marar nauyi a babur, sai ya riƙa waiwaye a hanya don ya tabbata da mutum a bayansa.

Ka tuna ranar da na fito? Ƙyanda ta kama Ummi, jikinta kamar garwashi, Malam ya ce ba asibiti, a ƙara rubutu. Da rana tsaka na goya ta na ratsa cikin gero. Kai ne mutum na ƙarshe da na gani. Kana gyaran dangar awaki, ka ɗago ka gan ni, ka ga goyon, ka sunkuyar da kai ka ci gaba da ɗauri. Wani direban babbar mota ne ya kai mu Maigatari. Ummi ta rayu, Yaya, tana sakandare yanzu, kuma bakinta ya fi nawa kaifi. Ubanta kuwa na ji ya yi wani auren, to me zai jira, tunda matarsa ta mutu? Bayan fitata da 'yan shekaru aka ce Malam ya kwashe ku kun ƙetara iyaka, kun kafa sabon Zango a dajin Nijar. Tun daga nan labarinka ya yanke.

A wurin sunan akwai wata da ban sani ba, Zulai, 'yar uwar Hajara. Da daminar nan ta fito. Tana rakuɓe, ba ta dariya, in za ta yi magana sai ta fara duba bayanta. Dukkanmu mun yi haka a farko, shi ya sa ba wanda ya matsa mata. Na daure, na daure, har na kasa. Na matsa kusa na ce ko ta san Malam Hamisu mutumin Gumel, mai tsaga a gefen ido, mai kula da awaki.

Ta waiga ta duba bayanta. Sannan ta ce, "An yi masa sallah."

Na ce wace iri? Ta ce ba ta sani ba.

Ta ce tun lokacin sanyi kake tari, ka rame har riga tana yi maka yawa. Zuciyata ta faɗi. Sai kuma ta ce ka daina zama a sahun gaba wurin karatu, kuma Malam ya taɓa yi maka faɗa a gaban mutane kan yawan tambaya. Zuciyata ta tashi. Na tambayi labarin matarka, ta ce ta shiga takaba, ba ta gaya wa kowa komai ba. To ai ko wanne ne takabar za ta shiga. Wanda ya naɗe likkafanin shi kaɗai ya san abin da ke ciki, shi kuma yana can.

Nan Malam Sabo ya sauko daga bencin ya tsuguna. Ya ce akwai hanyar ganewa. Makarar da tufafi ne kawai a ciki ba ta da nauyi, masu ɗauka sauri suke yi, har tana rawa a kafaɗa. Mai mutum a ciki kuwa ita take ja maka tafiya. Ya tambayi Zulai ko ta leƙa ta ramin danga da aka zo wucewa. Ta ce ta leƙa, Allah ya yafe mata. Ya ce yaya suka tafi?

Ta ce, "A hankali suka tafi."

Hajara ta saki salati. Ni ban san lokacin da na dafe ƙasa da hannu biyu ba. Ana kiɗan suna a waje amma kamar daga wani gari nake jiyo shi. Na fara cewa Allah ya jiƙanka, ban kai ƙarshe ba.

Sai Malam Sabo ya ɗaga hannu ya ce mu dakata. Ya ce akwai abin da bai taɓa faɗa min ba, don yana ganin zai ƙara min ciwo. "Rabi, ranar taki ma a hankali muka tafi." Ya ce kai ne a gaba, hannun dama. Makarar ba komai sai zannuwana da tabarma, amma ka ƙi ɗaga ƙafa. Malam yana baya yana cewa a yi sauri, ka yi kamar ba ka ji ba. Dole sauran suka bi takunka. Ya ce duk wanda ya gan ku daga nesa a ranar zai rantse ƙatuwar gawa kuka ɗauko, kuma da kuka isa kai ka shiga ramin ka karɓi naɗin da hannunka, ka kwantar da shi ta gefen dama.

Haba Yaya. Shekara da shekaru ina riƙe da kai a rai, ina cewa ko kallo na biyu ban isa ka yi min ba. Ashe haka ka raka ni. Na yi kukan da ban yi ba tun fitata, a gidan suna, a gaban baƙi, ban ji kunyar kowa ba.

Amma ka ga inda ka jefa ni? Yanzu tafiya a hankali ba shaida ba ce. Wataƙila kai ne a ciki. Wataƙila kuma rigunanka ne, wani mai sonka ya kama gaba ya ƙi sauri, kai kuwa kana Damagaram ko Kano kana dako a wata kasuwa, kana jin nauyin dawowa gida bayan abin da ka ce wa Inna ranar da muka bar gida muka bi Malam. Malam Sabo, Allah ya saka masa, ya hau babur ya ƙetara har ƙofar Zango. Masu gadi suka ce masa, "Ba mu da mai wannan suna." Haka za su ce ko da rai ko ba rai, shi ma ya sani, ya juyo.

Kawu ya zo daga Gagarawa da ya ji labari. Ya ce ba a barin Musulmi haka ba addu'a, da an gama kaka za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida a karɓi gaisuwarka, kowa ya huta. Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce masa ni ma an binne ni, har da kabbara huɗu, ga ni nan ina soya awara. Na ce in sun shimfiɗa tabarma zan naɗe ta. Ya ce ba ni da kunya. Na yarda, ba ni da ita. Amma shi ne babba, Yaya, kuma gero ya riga ya nuna. Ba zan iya tare su har abada ba.

Inna ce ke karya min zuciya. Idonta ya tafi, sai dai ta ji motsi. Ba ta shiga gardamarmu ba ko kaɗan. Da Kawu ya tafi ta lalubo hannuna ta ce, "Ni dai ku faɗa min wace addu'a zan yi masa. In na ce Allah ya jiƙansa ina tsoron na binne ɗana da rai. In na ce Allah ya dawo da shi ina tsoron yana can yana jiran rahama ina hana shi." Tun ranar, in ta idar da sallah sai ta ɗaga hannu ta yi shiru, ta daɗe a haka, sannan ta shafa.

In kana raye, don girman Allah ka yi motsi kafin a shimfiɗa tabarmin nan. Ba sai ka zo ba in kana jin nauyi. Ka aiko direba, ka aiko mai kai shanu kasuwar Maigatari, ya tsaya a ƙofar gida ya ce ya gan ka, shi ke nan. Ba wanda zai tambaye ka komai. Mu da muka fito ba ma tambayar juna me ya sa, abinci muke zubawa. In kuma wani mai karanta wannan ya taɓa ganin dogon mutum mai tsaga a gefen ido, mai tari, wanda ba ya son faɗin daga inda ya fito, ya taimaka ya gaya masa uwarsa tana nan da rai.

In kuwa kai ne a cikin makarar, to ka yafe min jinkirin da nake jawo maka. Kai ma ka ƙi sauri da tawa.

Jiya na sama wa Inna abin da za ta riƙa faɗa, kuma ta karɓa. Shi zan rufe da shi, don ba ni da wani. Ya Allah, kai ka san inda Hamisu yake. In a kan ƙasa yake, ka sassauta masa. In a ƙarƙashinta yake, ka sassauta masa. Kada ka bar shi shi kaɗai a ko'ina ne. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka da ka kwantar da hannunka,
Rabi