Maɗacin Kaka Ya Yi Toho

Tama, ran goma ga watan Yuli

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Malam Alƙasim, a Abijan.

Sallama mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari, da gaisuwa adadin ƙwayar geron da muke fata a bana. Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Ka yafe mini kutsen da na yi cikin hidimominka. Albishir ne ya ƙi zama a ƙirjina. Mu nan lafiya lau, an gama shuka.

Ka tuna maɗatai bakwai da suka rage a tsohon lambun kumandan, Baturen mulki, waɗanda kakanninmu suka shayar da tulu a ka, zamanin aikin tilas? Ka san halinmu: duk wanda cikinsa ya murɗa sai ya ɗauki gatari ya ɓamɓaro ɓawo ya jiƙa. Ashe muna warkewa, mai maganin yana mutuwa. Babban cikinsu, ɓawon da ya rage masa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A tsakiyar rani jami'in gandun daji ya shafa masa jan fenti, ya ce in ruwa ya sauka bai yi sabon ganye ba, to za a sare shi, kada ya faɗo wa masu zuwa kasuwa.

Gwaggo Kaltuma ce ta dogara sanda har gindinsa, ta ce wannan ba icen Bature ba ne: Bature takarda ya riƙe, ubanta ne ya riƙe tulu. Ta ce kowane gida ice guda aka ɗora masa, ta jero gidajen bakwai, kuma mai jan fentin nan shi ne namu. Kunya ta rufe ni, Yaya, domin tabo biyu a jikinsa gatarina ne.

Muka kwaɓa laka da kashin shanu muka liƙe raunukan, muka kewaye shi da ƙaya, wata uku ina kai masa ruwa da amalanke. Maƙwabta har suna ce mini ungozomar itace. Ran Juma'ar da ta wuce sai ga toho jajir a ƙololuwarsa! Jami'in ya zo, ya ɗaga kai, ya kankare fentinsa da hannunsa. Nan take na ce:

Jiya an shayar da kai bisa tilas,
Yau da ƙauna muke ɗaukar tulu.

Yanzu an yi shawara gaban maigari cewa kowane ice ya koma hannun babba a gidan da aka ɗora wa shi, ba mai kai masa gatari sai da izininsa. Kai ne babbanmu. Ko ka karɓa, ko ka wakilta ni.

Ka gaishe da matarka Sabuwa da 'yarka Farida. Don Allah ka rubuto amsa da hannunka kafin ƙarshen wata, domin Gwaggo ta ce ba za ta karɓi baƙuncin mutuwa ba sai an karanta mata takardarka a inuwar icen ubanta.

Ƙaninka mai biyayya,
Ɗan'azumi