Ranar da Inna Ta Fita Gayya

Yantala, Yamai

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya zaman Agadas, ya Hadiza da yara? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ranar Asabar ƙungiyar unguwa ta yi gayyar yashe kaniwo, wato magudanar ruwa, kafin damina. Dokarsu tana nan: gidan da bai ba da mutum ba, a tsallake ƙofarsa. Ni na ce ba ni zuwa, tun da na faɗa wa perzidan ɗinsu cikin taro cewa ba ya riƙe felu sai mai hoto ya zo. Ban janye ba.

Da suka iso layinmu, sai ga Inna da tsohon bokiti, tana jan ƙafa. Ta ce, "Zauna da littattafanka, malam. Bangon ɗakina ba zai jure irin ruwan bara ba."

Na karɓi bokitin, na shiga taɓo har gwiwa. Mai hoto ya matso, na juya masa baya. An dai yashe ƙofarmu.

Gaida Kawu Isa. Ku sa mu cikin addu'a. Inna ta ce ni kuma a roƙa mini sanyin baki.

Ƙanenka,
Habu